Yadda Ake Shirya Fim ɗin Baƙin Sararin Samaniya: Jagora ga Masu Farawa

Matasa masu sha'awar harkar fim suna yawan turo mini gajerun fina-finan da suka yi a kan baƙin halittu masu saukowa daga sararin samaniya, kuma kusan dukkansu ciwonsu ɗaya ne. Kafin a cika minti biyu an nuno baƙon tun daga kai har ƙafa, da rana tsaka, sanye da fuskar roba, ana hango wuyan yaron da ke ciki. Kuɗin fim ɗin kaf sun tafi a kan robar nan, ba a bar wa haske komai ba, balle sauti. Sai mai kallo ya fashe da dariya a daidai inda aka so gabansa ya faɗi. Abin yana damuna, domin yaran nan suna da basira, suna da naci, hanya ce kawai ba a nuna musu ba.

Zan jingina yawancin bayanina a kan Close Encounters of the Third Kind, fim ɗin da Steven Spielberg ya fitar a Amurka a 1977. An yi shi kafin kwamfuta ta karɓe aikin siddabarun fim, saboda haka kusan duk abin mamakin da ke cikinsa da hannu aka haɗa shi: fitila, hayaƙi, ruwa, fenti. Fim ɗin ya haura awa biyu, amma baƙin ba sa bayyana sai a mintocin ƙarshe, su ma a cikin hasken da ya kusa haɗiye su. An kashe masa kusan dala miliyan 20, kuɗin da kai ba ka da su, sai dai dabarun da ke ƙarƙashinsa ba na masu kuɗi kaɗai ba ne.

Abubuwan da za ka tanada

- Kyamarar da za ka iya kulle haskenta da saitinta da hannu. Waya ma tana yi, in tana da wannan damar.
- Ƙafar kyamara mai nauyi wadda iska ba ta girgiza ta.
- Fitila ɗaya mai ƙarfin gaske, da ƙanana biyu ko uku, da ledojin launi masu jure zafi.
- Injin hayaƙi na fim da ruwansa.
- Na'urar ɗaukar sauti daban da kyamara, da makirfo mai rigar iska.
- Baƙin yadi mai faɗi, da koren yadi idan labarin ya buƙata.
- Akwatin gilashi irin na kiwon kifi, gishiri, farin fenti mai narkewa a ruwa, da sirinji.
- Kwamfuta mai ɗauke da Blender da DaVinci Resolve. Na farko kyauta ne, na biyun ma yana da nau'in kyauta da zai ishe ka.
- Janareta da doguwar waya mai kauri, abin kashe gobara, akwatin taimakon gaggawa, da ruwan sha mai yawa.

Mataki na 1: Tsara yadda baƙon zai riƙa matsowa

Kafin ka taɓa kyamara, ɗauki rubutun labarinka ka ja layi a duk wurin da aka ga baƙon ko kumbonsa. In ya wuce sau uku a gajeren fim, rage. Baƙon ya riƙa matsowa ne mataki-mataki: da farko alama, wato wuta ta ɗauke, rediyo ya kama kansa, dabbobi su firgita. Sai sauti. Sai haske daga nesa. Sai inuwa. Fuska ita ce ta ƙarshe, in ma za a nuna ta. Dalilin shi ne, abin da mai kallo ya zana a ransa ya fi duk abin da za ka iya ƙerawa girma, kuma da zarar ka nuna masa naka, nasa ya rushe.

Spielberg kansa ya ɗanɗani wannan. A 1980 an sake fitar da fim ɗin da ƙarin wani yanki da ya nuna cikin babban kumbon, saboda kamfanin Columbia ya sa masa hakan a matsayin sharaɗin ba shi kuɗin gyara. Daga baya ya bayyana cewa bai kamata a nuna ba, kuma a fitowar 1998 ya cire yankin.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman. Mai kallonmu in ya ga haske cikin dare da wata halitta mai siririn jiki, abin da zai fara zuwa masa shi ne aljani. In ba fim ɗin aljanu kake yi ba, dole ka nuna masa tun da wuri cewa na'ura ce ta zo: ƙarfe, da'irar ƙuna a gona, motar da ta mutu ta kuma tashi da kanta, allurar mita tana rawa. In ka bar shi ya yanke hukuncin aljanu ne, zai zauna jiran malamin ruƙiyya, labarinka kuma ya tafi wani wuri daban.

Mataki na 2: Zana kowace ɗauka ta siddabaru a takarda

Ba sai ka iya zane ba. Murabba'i, mutum-mutumin sanduna, da kibiya mai nuna inda haske ke fitowa sun wadatar. Ka ba kowace ɗauka lamba, ka rubuta yadda za a yi ta: a gaban kyamara ko a kwamfuta. Wanda zai yi aikin kwamfutar ya zauna da kai tun yanzu. Kuskuren da ake ta maimaitawa shi ne a gama ɗauka sannan a je a neme shi, a ce ya saka kumbo a sama. A lokacin hoton ya riga ya lalace masa.

Gareth Edwards ya yi Monsters a 2010 da kuɗin da ba su kai dala dubu 500 ba, shi kaɗai ya haɗa siddabarun a kwamfutar ɗakinsa. Yawancin aikinsa canza allunan hanya ne, da ƙara rusassun gine-gine da tarkacen jirage. Dodannin kansu kaɗan ake gani. Irin wannan lissafin ya kamata ka yi.

Mataki na 3: Wuri da izini

Babban filin saukar kumbo na Close Encounters ba a fili aka ɗauke shi ba. A cikin wata ƙatuwar rumfar ajiye jirage ta tsohon sansanin sojan sama a garin Mobile na jihar Alabama aka gina shi, aka haɗa da hotunan dutsen Devils Tower na jihar Wyoming. Sun zaɓi rumfa ne don su mallaki duhu: dare a kowane lokaci, kuma iska ba ta kwashe hayaƙi. Kai ma sito ko babban ɗakin taro da za ka toshe tagoginsa zai fi maka sauƙi a kan daji.

In dole sai ka fita waje da dare, ka ji wannan da kyau. Fitila mai ƙarfi tana yawo a bayan gari da tsakar dare, a yanayin tsaron da ake ciki, tana iya jawo muku harbi. Ka je wurin mai unguwa ko dagaci da rana, ka sanar da ofishin 'yan sanda da 'yan sintiri, ka nemi a ba ka mutumin gari ya kwana tare da ku. Jirgi marar matuƙi kuma ba a ɗaga shi a Nijeriya sai da izinin hukuma. Kowa ya sa takalmi rufaffe saboda maciji da kunama. Janareta ya zauna a waje, nesa da ƙofa, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Mataki na 4: Haske da hayaƙi

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Vilmos Zsigmond, wanda ya ɗauki fim ɗin, ya ci kyautar Oscar a kan wannan aiki, kuma in ka lura, abin da ya fi yi shi ne kunna fitila daga baya tana fuskantar kyamara. Hasken da ya fito daga gaba yana tona asirin komai: ɗinki, gam, zif. Wanda ya fito daga baya yana barin siffa kawai, ya ɓoye sauran.

Haske ba ya ganuwa a iska mai tsabta, sai ya samu abin da zai kama. Aikin hayaƙi ke nan. Ka saki kaɗan, ka sa mutum biyu su kaɗa shi da kwali har ya bazu daidai, ka jira ya lafa ya zama kamar hazo, sannan ka ɗauka. In ka ɗauka yana murɗawa, mai kallo zai ga hayaƙi ne kawai, ya ɗauka gobara ce. Da sanyi, lokacin da hazo ya sauko, ƙurar da ke cikin iska tana yi maka wannan aikin kyauta, sai dai ka riƙa rufe kyamara da gilashinta.

Gwada wannan: ɗaki mai duhu, ƙofa a rufe, babbar fitila a bayan ƙofar da ledar ruwan lemo a gabanta. Hasken zai shigo ta ƙasan ƙofa da ramin makulli kamar sanduna. Sai mutum ɗaya ya riƙa ɗaga fitilar a hankali daga ƙasa zuwa sama. Sandunan za su yi tafiya a bango, mai kallo ya tabbata wani abu mai girma yana motsi a waje. Shahararren hoton fim ɗin ke nan, inda ƙaramin yaro ya buɗe ƙofa hasken ya mamaye shi, kuma ba a nuna komai a bayan ƙofar ba.

Kada ka ƙona taya, leda ko katifa don samun hayaƙi. Guba ne, kuma baƙin hayaƙi cinye haske yake yi. Ka tambayi kowa ko yana da asma kafin ka kunna inji. Fitila mai walƙiya kada ta wuce sau uku a daƙiƙa ɗaya, saboda masu farfaɗiya, a wurin ɗauka da kuma cikin masu kallo. Kada a haska leza a idon mutum ko cikin kyamara. Sannan wutarmu mai bugawa sau 50 ce a daƙiƙa, don haka ka saita kyamara a kan hoto 25 a daƙiƙa, in ba haka ba fitilun za su riƙa ƙyaftawa a hoton. Janareta mai hawa da sauka ma yana jawo hakan, gara ka duba a allo kafin jarumai su shigo.

Mataki na 5: Kumbo da gajimare

Douglas Trumbull ne ya jagoranci siddabarun fim ɗin. Kumbunan ƙananan samfura ne da aka cusa wa fitilu, aka ɗauke su a ɗaki mai duhu cike da hayaƙi don haskensu ya yi lullumi. Babban kumbon, wanda Greg Jein da abokan aikinsa suka ƙera, yana nan har yau a gidan tarihin jirage na Smithsonian a jihar Virginia. Spielberg ya samo tunanin siffarsa ne daga wata matatar mai da ya gani da dare a Indiya, fitilu birjik a kan bututu.

Darasin da ke nan shi ne, yawan ƙananan fitilu ke sa ido ya yarda abu ƙato ne. Fitila ɗaya babba tana nuna abin wasa. Ɗari ƙanana suna nuna gari guda yana shawagi. Ka huda jikin samfurinka da allura wurare da yawa, ka sa fitila a ciki, ka rataye shi gaban baƙin yadi. Ka tsuke ƙofar hasken kyamara don gabansa da bayansa duk su fito tar, domin dishi-dishin gefe ɗaya shi ke tona ƙanƙantar abu. Motsinsa kuma ya zama a hankali ƙwarai. Abu mai nauyi ba ya zabura.

Gajimaren da ke tuƙewa a saman gidaje a fim ɗin, a cikin tankin ruwa aka yi su, kuma za ka iya yi a gida. Cika rabin akwatin gilashi da ruwan da ka narkar da gishiri mai yawa a ciki. Shimfiɗa siririyar leda a kansa, ka zuba ruwa marar gishiri a hankali har ya cika, sannan ka zare ledar ba tare da ka dama ba. Ruwan gishiri ya fi nauyi, zai zauna a ƙasa. Ka bar shi ya natsu. Sai ka zuƙi farin fenti da ka tsinka a sirinji, ka tura shi cikin ruwan sama. Zai kumbura yana gangarowa, da ya iso iyakar ruwan gishiri sai ya tsaya ya bazu, ƙasansa a shafe, samansa yana tafasa, sak hadarin damina. Baƙin yadi a baya, fitila daga gefe, ɗauka a kan hoto 50 ko 100 a daƙiƙa don ka rage saurinsa. Kowane gwaji sai an zubar da ruwan an sake sabo, saboda haka ka ware masa yini guda. Wayar wuta kuma ta yi nesa da ruwan.

Mataki na 6: Fuskar jarumi

Mai kallo yana jin tsoro ne ta fuskar wanda yake kallo. In mutum biyar suna duban sama, kowa idonsa a wuri daban, an gama da kai. Ka ɗaura ƙwallo a kan doguwar gora, kowa ya bi ta da ido, kai kuma kana faɗa musu abin da ke faruwa da murya. Kuma duk lokacin da kumbo zai wuce, haske na gaske ya ratsa fuskokinsu a wurin ɗauka. Kwamfuta tana iya saka kumbo a sama, amma saka haskensa a kumatun mutum aiki ne mai wuya da ba ya cika yin kyau.

Cary Guffey, yaron fim ɗin, bai wuce shekara huɗu ba lokacin ɗauka. Spielberg bai ce masa ya yi mamaki ba. Yakan tsaya bayan kyamara yana kwance ƙunshin kayan wasa a hankali, yaron yana kallo da zumuɗi na gaske, shi ake ɗauka. Ka lura, da abin farin ciki aka samo wannan fuskar. Kada ka razana ƙaramin yaro don fim, kada ka riƙe shi har tsakar dare, kuma mahaifinsa ko mahaifiyarsa su kasance a wurin.

Wurin da kayan cikin motar jarumin fim ɗin, Richard Dreyfuss, suka tashi sama kuwa, motar aka ɗora a kan abin juyawa, aka ɗaure kyamara a jikinta, aka juya su tare. Kayan faɗuwa suke yi, amma a hoto sai a ga tashi suke. Kada ka gwada da mota da mutum a ciki. Ƙaramin akwati da ka shirya kamar kanta ko tebur, da waya a ɗaure a jikinsa, zai ba ka irin wannan hoton.

Mataki na 7: Baƙon kansa

A Close Encounters 'yan mata ƙanana kusan 50, 'yan shekara shida, su ne suka sa kayan baƙin. An zaɓe su saboda laushin tafiyarsu, aka kuma tsayar da su gaban haske mai ƙarfi har jikinsu ya sirance a hoto. Wanda ya yi magana da hannu a ƙarshe kuwa mutum-mutumi ne da Carlo Rambaldi ya ƙera, ana sarrafa shi da wayoyi.

A fim ɗin Alien na 1979, wanda ke cikin kayan dodon ɗan Nijeriya ne, Bolaji Badejo, haifaffen Legas, ɗalibin zane a Landan, mai tsawon da ya haura mita biyu. Daraktan fim ɗin, Ridley Scott, ya ɗauke shi saboda dogayen gaɓoɓinsa ba su yi kama da na sauran mutane ba, aka kuma koya masa motsi a hankali. Duk da haka, guntu-guntu ake nuna shi cikin duhu. Abin da za ka ɗauka daga nan: ka nemi jiki da tafiya kafin ka nemi roba. Mai rawa ko ɗan wasan motsa jiki ya fi abokinka da ya zo taya ka aiki.

Kayan nan suna da zafi matuƙa. Badejo ko zama ba ya iya yi da su saboda jelar dodon, sai da aka yi masa wani lilo na musamman. A zafinmu abin ya fi haka haɗari. Ka sa mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai kula da mai kayan: ya cire masa kai bayan kowace ɗauka, ya ba shi ruwa, su kuma yi yarjejeniyar alamar hannu da ke nufin a tsaya. A gwada robar da gam a damtsensa kwana ɗaya kafin aiki, don wasu fatarsu ba ta ɗauka. Kada a taɓa zuba filasta kai tsaye a fuskar mutum don ɗaukar siffa, tana zafi in tana daskarewa, tana kuma iya toshe hanci.

In ka gama duk wannan ka duba allo ka ga bai yi ba, cire shi, ka bar inuwa da hannu ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na 8: Ɗaukar da za a kai wa kwamfuta

Kulle kyamara a kan ƙafarta, kada kowa ya taɓa. Bayan jarumai sun gama, su fita, ka ɗauki wurin babu kowa na daƙiƙa goma da saiti ɗaya. Da wannan ake goge gora da waya da duk abin da ba a so. Rubuta tsawon kyamara daga ƙasa da lambar gilashin da ka yi amfani da shi. In koren yadi ne, a miƙe shi ba tamoji, a haska shi daidai ko'ina, jarumi ya ba shi tazarar mita biyu don koren kada ya zubo masa a jiki.

Mataki na 9: Sauti

Rabin tsoron yana kunne. A Close Encounters, mai tsara kiɗan fim ɗin, John Williams, ya rubuta sama da samfuri 300 kafin a tsayar da wasu sautuka biyar da mutane da baƙin suke gaisawa da su, kuma Frank Warner ya samu kyautar Oscar ta musamman kan tace sautin fim ɗin. A fim ɗin E.T. na 1982, mai haɗa sauti Ben Burtt ya gina muryar baƙon ne a kan muryar wata tsohuwa, Pat Welsh, ya cakuɗa da kukan dabbobi.

Kada ka sauko da sautin kumbo daga intanet, kowa ya riga ya ji shi. Ɗauki naka: gurnanin taransifoma, injin niƙa daga nesa, iska a bakin kwalba, ka rage saurinsu ka jera su. Abin da ya fi duka aiki kuma shi ne shiru. Ka cika dare da kukan gyare da haushin karnuka, sai ka yanke su gaba ɗaya lokaci guda. Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauye ya san ba lafiya ba. Ka tuna yawancin masu kallonka a waya za su gani, lasifikar waya kuma ba ta fitar da sauti mai zurfi, don haka ka ɗora wani siriri a samansa, ka kuma saurari aikin a waya kafin ka ce ka gama.

Mataki na 10: Tacewa da gwaji

Duk ɗaukar siddabaru, yanke ta ta fi yadda ranka ke so gajarta. Ka sha wahala a kanta, shi ya sa kake son ta daɗe, amma ido yana gano ƙarya bayan daƙiƙa biyu ko uku. Ka daidaita launi da ƙwayar hoton kumbo da na sauran fim ɗin. Su Trumbull a kan fim mai faɗin milimita 65 suka ɗauki siddabarunsu, sauran kuma a kan 35, don kawai kada a ga bambanci bayan an haɗa.

Daga nan ka tara mutum goma da ba su san ka sosai ba, ka kunna musu, ka zauna a gefe kana kallon fuskokinsu. Duk inda aka yi dariyar da ba ka nema ba, rubuta mintin, ka koma ka gyara ko ka cire.

Roƙona ga duk mai shirin farawa: kafin ka kashe ko sisi a kan fuskar roba, yi gwajin minti ɗaya da ƙofa, fitila, hayaƙi da fuskar mutum ɗaya. In wannan minti ɗin ya sa wani ya riƙe numfashi, sai ka ci gaba zuwa sauran matakan.